Fiyano ɗaya don coci da biki: wanne zan saya, kuma yaya zan saita shi?

Ɗan Tudun Wada

Sannunku da aiki, masu kiɗa da masu haɗa sauti. Shawara nake nema kafin kuɗi su bar hannuna.

Ni nake buga fiyano a cocinmu nan Tudun Wada, Jos. Ranar Asabar kuma in an samu biki ina bin wata ƙaramar ƙungiya, wani lokaci Bukuru, wani lokaci har Barkin Ladi. Fiyanon da nake riƙe da shi ya gaji, maɓallai biyu a tsakiya sai na danna su kamar muna faɗa kafin su yi ƙara. Kwamitin coci sun ce za su ba da rabin kuɗin sabo, ni in cika, kuma sun yarda in riƙa fita da shi biki. Ke nan guda ɗaya zan iya saya, ba biyu ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne aikin iri biyu ne. A coci muna da mai dirom da mai bas, abin da ake so a wurina ogan ne da fiyano. Dattawa suna son ogan mai nauyi lokacin waƙoƙin sujada, matasa kuma suna son irin ogan ɗin nan na gosfel mai karkarwa. A biki kuwa babu mai dirom, ni da mawaƙi da mai jita ne kawai, dole fiyanon ya ɗauki kiɗan gaba ɗaya.

Na ga Yamaha PSR-SX700 da Korg Pa700, akwai kuma wani mai PSR-S970 na hannu da yake neman sayarwa. Wani abokina ya ce in ogan nake so da gaske in manta da waɗannan, in nemi Roland VR-09 ko Nord Electro. Wanne ya fi dacewa da ni?

Na biyu, a gida in na buga sautin yana fita tas, amma da an haɗa ni da sifikun coci sai komai ya cakuɗe, mai bas yana harara ta, mai miksa yana rage ni. Laifin fiyanon ne ko na saiti?

Mai Sitidiyo, Bauchi Road

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ni ba coci nake bugawa ba, aikina sitidiyo ne da kiɗan biki da kamu, amma tambayarka ta farko tana da amsa a wurina.

Taura biyu ba ta taunuwa, dole ɗaya ya yi haƙuri, kuma wanda zai yi haƙuri shi ne ogan. Nord Electro na'ura ce mai kyau, ba wanda zai musa, amma ba ta da sitayil, wato shiryayyen kiɗan rakiya na dirom da bas da jita, mai bin kod ɗin hannun hagu. Ka je da ita biki ba mai dirom, me za a taka? VR-09 tana da ɗan bugun dirom a ciki, amma ba za ta bi ka da bas da jita ba. Su kuwa PSR da Pa an gina su ne don mutum ɗaya ya zama ƙungiya, kuma akwai ogan a cikinsu wanda zai fitar da kai kunya ranar Lahadi. A Yamaha ana kiransa Organ Flutes, Korg ma tana da nata makamancinsa a kan allo.

Tsakanin Yamaha da Korg ni Yamaha zan ce maka, ba don Korg ta gaza ba. Dalilina a garin nan kusan duk sitidiyon da ka shiga PSR za ka tarar, kuma sitayil ɗin da muke amfani da su a filashi suke yawo daga hannu zuwa hannu. Waɗanda suka zo daga kamfani yawanci kiɗan Turawa ne, ba za ka samu bugun kalangu ko irin 6/8 ɗin da matan Filato suke rawa da shi yadda kake so ba. Ko dai ka karɓa a wurin wani, ko ka zauna da Style Creator, wurin haɗa sitayil a cikin Yamaha, ka haɗa naka. Sitayil ɗin Korg tsarinsu daban ne, in ka saye ta masu ba ka aro kaɗan ne. Haka ma masu gyara, sun fi sanin cikin PSR.

S970 ta fito 2015, SX700 kuma 2019. SX700 allonta na taɓawa ne, S970 kuma maɓallai ne kewaye da allon. Ni wallahi a filin biki da daddare na fi son maɓalli, yatsa yana gane shi ko ban duba ba. In ta hannun tana da lafiya kuma rarar kuɗin za ta saya maka fedal da jaka mai kauri, kar ka ji kunyar saye. Amma ka gwada ta da kanka. Ka bi maɓallai 61 ɗin ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. Duk wanda ka taɓa a hankali ya fashe da ƙara, ko ya yi shiru, robar da ke ƙarƙashinsa ta sha ƙura, irin ciwon da naka yake yi yanzu ke nan. Ka sa filashi ka ga tana karantawa, ka jijjiga waya a bakin jak ka ji ko tana ƙarar-ƙarar, kuma ka tabbata adaftar ta asali ce, PA-300C mai bolt 16. Mai cewa ba wuta a shago ka ɗauka ka gwada a gida, ka bar masa kayansa.

Baba Mai Ogan

Ɗana, na karanta tambayarka da amsar Malam na Bauchi Road. Shawararsa a kan saye daidai ce, ko da yake zuciyata tana wajen Nord. Abin da zan ƙara maka shi ne kan ogan ɗin kansa, domin ina ganin yaranmu da yawa suna riƙe da na'ura mai tsada suna buga ogan kamar fiyano, sai ya fito ba daɗi su ce na'urar ce.

Ka fara sanin cewa abu biyu dattawanka da matasanka suke nema. Na dattawa ogan mai bututu ne, wanda iska ke busawa, irin na manyan majami'un Turai. Na matasa kuwa Hammond ne, wanda Laurens Hammond ya fitar a Amurka a 1935, daga baya ƙirar B-3 ta shiga cocin baƙaƙen fata na can ta zauna. Karkarwar da kake ji ba daga ogan ɗin take ba, daga sifikar Leslie ce, wadda ƙahonta yake juyawa a cikin akwati, a hankali ko da sauri. Fiyanonka kwaikwayon wannan juyawar yake yi, za ka gan shi da sunan Rotary. In ka bar shi yana gudu lokacin waƙar jana'iza ko ta jibin Ubangiji, kar ka yi mamaki in wani dattijo ya tare ka bayan sujada.

Hammond yana da sanduna tara da ake ja, kowace daga 0 zuwa 8. Ta farko, wadda aka rubuta 16 a jikinta, ita ce mai kauri ta ƙasa, ta uku, wadda aka rubuta 8 a jikinta, ita ce ainihin muryar da ka danna, sauran suna ƙara haske har zuwa ta ƙarshe mai tsini. Shi ya sa za ka ga masu ogan suna rubuta lambobi tara a jere. 888000000 shi ne wurin da kowa yake farawa: ukun farko a buɗe, sauran a rufe. Da shi za ka raka kwaya ba tare da ka danne su ba. In fasto yana addu'a kana bin sa a ƙasa-ƙasa, gwada 008000000 ko 808000000 da Rotary a hankali. In waƙa ta kai baitin ƙarshe jama'a sun miƙe, sai ka buɗe na ƙarshen, 888000008 ko ma duka, ka saki Rotary da sauri a layin ƙarshe kaɗai, ka mayar da shi kafin Amin. Daɗin yana cikin lokacin da yake tashi daga sanyi zuwa sauri. In ka bar shi da sauri tun daga farko, ka zubar da abin.

Ga kuma abin da ya fi sandunan muhimmanci. Ogan ba ya jin ƙarfin yatsa. Ka danna a hankali ko ka doka, ƙara ɗaya ce. Da ƙafa ake hawa da sauka, saboda haka ka sayi fedal ɗin ƙara, na Yamaha FC7 ne. Fedal ɗin riƙe sauti da ka saba takawa a fiyano ka ɗauke ƙafarka daga kansa in kana ogan, domin sautin ogan ba ya mutuwa da kansa, kod zai hau kan kod. Yatsu ne za su riƙe waƙar, wannan ya sauka kafin wancan ya tashi. Ka zauna da waƙa ɗaya mai murya huɗu ka yi ta bi ba fedal har ta daina yankewa.

Gaskiya ja da sanda a kan allo ba kamar riƙe ta a hannu ba ne, nan VR-09 da Nord masu sanduna na gaske suka fi. Amma kai ba sai ka ja ana cikin waƙa ba. Ka shirya saiti huɗu ko biyar tun a gida ka ajiye su a Registration Memory, wato ma'ajiyar saiti, maɓallai takwas ne a gabanka, saiti takwas ɗin tare su ne banki ɗaya. Banki ɗaya na Lahadi, wani daban na biki, kar su haɗu.

Injiniya daga Nyanya

Baba, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Bari ni in ɗauki tambaya ta biyu tunda aikina ke nan a Abuja, kuma mu masu miksa kullum mu ake zagi.

Oga, mai bas ɗinku yana da gaskiya. A gida kai kaɗai ne, hannun hagunka yana cike ƙasa, sai ka ji daɗi. A coci wannan wurin nasa ne. In ka buga oktaf biyu a can ƙasa da sandar 16 a buɗe, shi ma yana buga tasa, ga babban dirom, ku uku kuna kokawa a wuri ɗaya. Ka matso da hannun hagu tsakiya, ka bar masa tushen kod. Mai miksa kuma ya danna maɓallin yanke ƙasa a layinka, yawanci an rubuta 80 ko 100 Hz a jikinsa. In wata rana za ka kunna sitayil alhali mai bas yana nan, ka kashe layin Bass a cikin layuka takwas na sitayil ɗin.

Sai amsa-kuwwa. Kamfani yana zuba wa sautukan Reverb da yawa don su yi daɗi a shago da cikin ɗaki. Cocin da yake da rufin kwano, bangon siminti da tayil a ƙasa ya riga ya cika da tasa. Ka rage taka kusan ƙasa, ka ajiye haka a bankin Lahadi. A filin biki a waje sai ka mayar da ita.

Waya: in layi ɗaya za a ba ka, ka fita ta jak ɗin da aka rubuta L/L+R, kar ka fita ta wurin hedifon. In miksa tana da nisa, doguwar wayar jak za ta kwaso gurnani, ku sayi DI, ɗan akwatin da ake sawa tsakanin fiyano da miksa, gajeriyar waya daga fiyano zuwa cikinsa, daga nan XLR, irin wayar makirufo, har miksa. In gurnanin bai tafi ba akwai ɗan makunni a jikinsa na ɗage layin ƙasa. In da hali a ba ka layi biyu, domin Rotary ɗin da Baba ya yi bayani a sitiriyo yake fitowa sosai.

Wuta kuwa ita ce take kashe kayan nan, ba bugu ba. Kar fiyanonka ya kasance a kunne lokacin da ake juyawa zuwa janareto ko ake tayar da shi. Ƙaramin UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya ishe ka, fiyano ba ya cin wuta sosai, kuma zai hana shi mutuwa a tsakiyar waƙa ka tsaya jiran ya sake tashi amarya tana tsakiyar fili. Wajen kunnawa fiyano da miksa farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa amfilifaya farko. Da hunturun Jos kuma ka rufe shi da ƙyalle duk lokacin da ba ka bugawa.

Ɗan Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Malam, Baba, Injiniya. Jiya a gwajin kwaya na ɗauke hannun hagu daga ƙasa na rage Reverb a tsohon nawa, mai bas da kansa ya tambaye ni me na canza. Ranar Talata zan je ganin S970 ɗin da filashi a aljihu.

Saura abu ɗaya. Shugabar zumuntar mata takan ɗauki waƙa a inda muryarta ta faɗa, ni kuma in bi ta da Transpose, maɓallin da ke ɗaga ki ko sauke shi. To da na danna wani Registration sai ya mayar da ni inda na ajiye shi, ni ina wani ki su suna wani. Akwai maganin wannan?

Mai Sitidiyo, Bauchi Road

Akwai. Ka nemi Freeze, yana nan kusa da maɓallan Registration. Ka shiga saitinsa ka sa alama a kan Transpose, in kana so har da Tempo, sannan ka kunna shi. Daga nan duk saitin da ka danna sauti ne kawai zai canza, ki ɗin yana nan inda ka bar shi. Sai dai in waƙar ta ƙare ka tuna ka mayar da Transpose sifili da hannunka, don shi ba zai mayar maka ba.

In za ka je ranar Talata ka tafi da fedal ɗinka ka gwada a jikinta, kuma kar ka taka shi lokacin da take kunnuwa, in ba haka ba zai iya juyewa ya riƙa riƙe sauti sanda ka ɗaga ƙafa. In ka saya ka biyo ta sitidiyo da filashin in zuba maka 6/8 guda biyu da na haɗa.