Faransa a 2018: Kofin Duniya da zanga-zangar man fetur

Ɗan Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Me ya sa Faransawa, waɗanda suka ɗauki Kofin Duniya ranar 15 ga Yuli 2018 bayan sun doke Kuroshiya da ci 4-2, suka cika tituna suna bore kafin shekarar ta ƙare?

Malami daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Murnar ƙwallo ba ta biyan kuɗin mai. Gwamnatin shugaban Faransa Emmanuel Macron ta shirya ƙara harajin man fetur da dizal, abin da ya fi ƙuntata wa mazauna karkara da ba su da abin hawa sai motarsu, shi ya sa ranar 17 ga Nuwamba masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka tare hanyoyi, har gwamnati ta janye ƙarin a Disamba.

Hajiya daga Kawo:
Malam, na yarda, amma harajin fakewa ce kawai. Tuni talakawa ke kallon Macron a matsayin shugaban attajirai saboda ya soke harajin dukiya. Mu da muka ga zanga-zangar tallafin mai a Kaduna cikin Janairun 2012 mun san wannan fushin.