Zaɓen shugabanni a manhajojin kowa da kowa

Manhajojin kowa da kowa su ne waɗanda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta su, ya kuma gyara. Shawarar da 'yan sa-kai masu aiki a kansu suka fi nanatawa ita ce a rubuta dokokin zaɓe tun ana zaman lafiya. Sun kawo misalin Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta: a 2018 wanda ya ƙirƙiro shi, Guido van Rossum, ya ajiye jagoranci bai naɗa magaji ba, aka kwashe watanni ana muhawara kafin a kafa kwamitin mutum 5.

Wasu sun yaba wa Debian, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da 'yan sa-kai ke haɗawa. Can duk shekara ake zaɓen shugaba, mai ƙuri'a ya jera 'yan takara bisa fifiko, har da gurbin "babu ko ɗaya". Ni dai na ga wahalar tana wajen samun mai tsayawa. A 2019 wa'adin farko na fitowa takara ya cika babu wanda ya fito, dole aka ƙara mako guda. Shi ya sa 'yan sa-kan suka ce a rage wa shugaba kaya, a raba wa wakilai.