Neman shawara: na sayi feda, amma kunya ta hana ni taka ta a ƙungiya

Ƙaramin Mai Bes:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cin raina. Ni ke kaɗa bes, wato jitar da ke riƙe sautin ƙasa, a wata ƙungiyar kiɗa a nan Jos, Asabar muna bukukuwan aure, Lahadi kuma coci. Asali ba ni ne mai bes ɗin ba, yayana ne, ɗan wan babana. Da ya samu aiki a Abuja sai ya bar mini jitar, mai tsirkiya huɗu ce, wuyanta ya ɗan lanƙwashe amma tana aiki. Shi ya kai ni wurin Oga, shugaban ƙungiyar, wanda abokin babanmu ne tun suna samari, har yau in ya shigo unguwa a gidanmu yake cin tuwo. Na faɗi haka ne don ku gane ba mutumin da zan ɗaga wa murya ba ne.

Da rana gyaran waya nake yi. Na shiga adashi da 'yan layinmu, da kwasata ta zo sai na sayi feda ta hannu, wato akwatin da ake takawa da ƙafa ya canza sautin jita, irin mai sautuka da yawa a ciki. Mama ta ce da katifa na saya da ya fi, amma wannan wata magana ce daban. A ɗaki in na sa abin kunne, sai in manta da lokacin barci don daɗi. Ranar da na fara kai ta rihazal, ina cikin jona wayoyi mai lid, wato mai jitar gaba, ya ce, "A'a, yau lid biyu gare mu?" Kowa ya kwashe da dariya. Muka shiga waƙa, na taka, Oga ya ɗaga hannu ya tsayar da kowa, ya ce wa ya kunna injin niƙa a nan. Tun ranar nake zuwa da ita a jaka in koma da ita a jaka. Wani lokaci in jona ta, ƙafata na kusa da ita, amma in kasa takawa, sai in ga kamar kowa ni yake kallo.

Shin mai bes ba shi da hurumin feda ne? In sayar da ita, ko in nemi wata ƙungiya?

Mai Miksa na Sabon Tasha:
Ɗan'uwa, ka ba mu labarin tuwo da katifa amma ba ka faɗi wace feda ba ce. Wane sauti ka taka ranar? Kana da amfilifaya taka ko kai tsaye kake shiga miksa, na'urar haɗa sautin kowa?

Tsohon Hannu:
Ƙanena, ka sayar da ita, magana ta ƙare. Ogan naka ya fi ka kunne, kuma ya yi maka da sauƙi. Da a ƙungiyar da na tashi ne, da jakar ma ba za ta sake shiga ɗakin ba.

Bes a yatsa yake. James Jamerson, wanda ya kaɗa yawancin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka a shekarun 1960, Fender Precision ce a hannunsa, da yatsa ɗaya yake bugawa, tsirkiyarsa ma ba ya son canzawa. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley, ku mutanen Jos da kuke son rege, ka taɓa jin sautinsa yana ƙara? Ƙasa yake riƙewa, shi ke nan. Babbar tsirkiyarka, E, sau 41 take karkarwa a daƙiƙa. Can ƙasa aikinka yake, kai da babbar ganga. Da ka taka distoshin, mai sa sauti ya yi kaushi, sai ƙasan ya zube, ka hau sama inda mai lid da mawaƙa suke, ƙungiya ta zama ba ta da gindi. Yaran yanzu ba ku iya riƙe lokaci ba amma kun iya sayen kaya.

Ƙaramin Mai Bes:
Na gode Baba. Amma ni ina riƙe lokaci, mai ganga bai taɓa kuka da ni ba. Kuma in na sayar yanzu faɗuwa zan yi.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe Tsohon Hannu, ka kawo naka mutane, bari in kawo nawa. Larry Graham ya sa sautin fos, mai kaushin nan, a bes tun ƙarshen shekarun 1960. Bootsy Collins da fedar Mu-Tron aka san shi. Pino Palladino ya yi suna a shekarun 1980 da bes marar layi a wuya da fedar oktaf ta Boss OC-2, mai ƙara sauti a ƙasan wanda ka buga. Duk waɗannan ba su iya ba ne?

Ni abin da ke ƙona mini rai ma daban ne. A nan wajenmu, a biki mai gitar gaba shi ake wa liƙi, shi ake kira da suna, shi 'yan mata ke ɗauka a waya. Kai kana baya kusa da janareta tun la'asar har dare, yatsa ya yi kanta, in an zo rabo a miƙo maka jikka biyu a ce Allah ya ƙara. Ranar da ba ka zo ba kuwa kowa ya ce kiɗan ba daɗi. Shi ya sa ba sa son a ji ka, ɗan'uwa. Taka abarka.

Tsohon Hannu:
Waɗanda ka lissafa sun yi shekaru suna riƙe ƙungiya kafin su taɓa feda, kuma kiɗansu ya nemi hakan. Wannan yaron bikin aure yake zuwa. Uwar amarya ba Bootsy ta ɗauka haya ba.

Mai Fiyano:
Ni dai gargaɗi zan yi. A yawancin situdiyon Kano ba a kiran mai bes, daga fiyano ake fitar da shi, kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa sun koma haka don rage kuɗin mota. Yawancin fiyanon Yamaha PSR kana iya raba su biyu, hannun hagu ya zama bes. In ka cika damun Oga zai tuna da wannan. Mu ma ba daɗi muke ji ba, aikin mutum biyu kuɗin mutum ɗaya. Na taɓa yin haka wata guda saboda namu ya yi fushi ya tafi, ko sisi ba a ƙara mini ba, da ya dawo ma shi aka yi wa maraba.

Ƙaramin Mai Bes:
Oga ba zai kore ni ba, na faɗa muku yadda muke da shi. Kuma namu mai fiyanon shi ne ma yake shiga wurina da hannun hagu, ba wanda ya taɓa ce masa komai.

Maman Kwaya:
Ɗana, bari in faɗa maka ta ɓangaren masu waƙa. Mu bes muke saurara mu san inda za mu ɗora murya, musamman 'yan alto. In sautin ya canza a tsakiyar baiti sai yara su ɓace. Ka je gida ka gai da Ogan, ka tafi da ɗan abin hannu, ka roƙe shi ya ba ka waƙa ɗaya tak da za ka gwada a ciki. Babba ba ya son a ba shi mamaki a gaban yaransa. Mu kam matsalarmu ta wuce feda, monita, sifikar da muke jin kanmu da ita, ɗaya ce a cocinmu, mai ganga ya janye ta gabansa, an yi taron kwamiti har an gaji.

Mai Miksa na Sabon Tasha:
Tunda ba ka amsa ba, bari in yi hasashe. Sautukan da ke zuwa a shirye cikin irin waɗannan fedoji an ƙawata su ne don su burge wanda ke gwadawa shi kaɗai. Abin da ya yi daɗi a abin kunne ba shi ne zai zauna cikin ƙungiya ba. Kuma galibi ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kana takawa sai ka yi tsalle sama da kowa, mai miksa ya zabura ya ja ka ƙasa, daga nan ba zai sake yarda da kai ba. Ni ma haka nake yi.

Ka gyara ƙarfin ya zama daidai, a kunne da a kashe. Ka nemi maɓallin da ke gauraya sautin asali da na feda, ka bar na asalin ya fi yawa, ƙasan da Baba ke magana ba zai zube ba. Kwamfuresa, mai daidaita ƙarfin bugu, da ɗan diraib kaɗan, wato kaushi mai sauƙi, ba wanda zai san ka taka, sai dai su ce yau bes ya fito. Dalili kuwa ƙananan sifiku da wayoyin da ake ɗaukar bidiyon biki ba sa iya fitar da sau 41 ɗin nan, diraib ne ke ƙara sautukan sama da kunne zai kama. Shi ya sa akwatin diraib na SansAmp ya cika dandamali tun shekarun 1990. Oktaf kuwa kar ka taka ta a ƙasan tsirkiyar E, rikicewa take yi, ka hau tsakiyar wuya. Sannan ka duba adafta. Yawancin fedoji bolt 9 suke ci, in ka sa ta banza a kan janareta ƙugi za ta yi ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Wataƙila ma shi Oga ya ji.

Ka riga kowa zuwa, kai da mai miksarku ku saita.

Ƙaramin Mai Bes:
Allah ya saka da alheri. Amma ba na jin saitin ne, don daga bidiyon wani ƙwararre a YouTube na kwafe shi lamba da lamba. Adaftar ma a shagonmu na ɗauka, na san kayan wuta. Zuwa da wuri zai yi wuya saboda shago. Mama, maganar zuwa gidan Oga kuma, in na je babana zai ji, ba na son abin ya zama na gida.

Tsohon Hannu:
Kun gani? An ba shi shawara huɗu, ya mayar da huɗu. Ƙanena, ba shawara ka zo nema ba, so kake a ce maka Oga ne mai laifi. Ka ajiye ta shekara guda, ka zauna da mai ganga kullum. In bayan nan har yanzu kana son ta, ka zo Kaduna ni da kaina zan saita maka.

Ɗan Damagaram:
Ashe Baba ya iya saitawa? To a ina ka koya, tunda a yatsa yake?

Tsohon Hannu:
Ina da tuna ta saita tsirkiya da kwamfuresa. Waɗannan ba feda ba ne, kayan aiki ne.

Ƙaramin Mai Bes:
Don Allah kar a yi faɗa saboda ni. Asabar ɗin nan muna da biki a Bukuru, a fili ne, ina tunanin ko in gwada ta a waƙar ƙarshe lokacin da mutane sun fara watsewa. Ko kuma in bari sai yayana ya zo Kirsimeti ya yi wa Oga magana.

Sabon Shiga:
Sannunku. In dai sayarwa za ka yi, nawa ka sa mata? Ina Bauchi, zan iya aiko direba.

Mai Miksa na Sabon Tasha:
Har yanzu dai ba ka faɗi wace feda ba ce. Ɗauko hotonta da na adaftar ka turo.