Aikin bin jirgin ƙasa a wasan GTA San Andreas ya gagare ni a waya

Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da aikin da CJ, wanda nake sarrafawa a wasan, ke tuƙa babur, abokinsa Big Smoke yana baya yana harbin 'yan daban Vagos huɗu a saman jirgin ƙasa. A na'urar wasa ta PS2 na taɓa wuce shi, amma a waya abin ya faskara.

In na manne da jirgin, harsasan Smoke a jikin tarago suke ƙarewa. In na koma ɗaya layin dogon, jirgin da ke tahowa ta gaba ya yi awon gaba da mu. Na sauya tsarin tuƙi, na rage ƙarfin hoto, duk a banza. Biyu Smoke yake kashewa, shi ma da ƙyar.

Don Allah, daidai ina zan riƙe babur ɗin harbinsa ya riƙa samun su?