Indiya da Pakistan: talakawa ne ke gaba ko shugabanni?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan cewa babu gaba tsakanin Ba'indiye da mutumin Pakistan, shugabanni da sojoji ne ke cin abinci da rigimar. Ku duba gasar Olympics ta 2024 a Faransa: Arshad Nadeem na Pakistan ya ci zinare a jifan mashi, Neeraj Chopra na Indiya ya zo na biyu, amma mahaifiyar Neeraj ta ce wanda ya ci zinaren ma ɗanta ne. A sakar wa talakawa mara, kafin shekara sun shirya.

Malam Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauko uwa guda ka auna mutum sama da biliyan ɗaya da rabi da ita? Da Turawan Ingila suka raba ƙasar a Agustan 1947, mutum wajen miliyan 15 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu, musamman a Punjab. Akasari maƙwabci ne ya far wa maƙwabcinsa. Jikokin waɗannan mutane ne ke kaɗa ƙuri'a yau.

Maman Khalifa: Malam, Allah ya ƙara sani, amma wannan rabuwar ce hujjar Baban Ummi. Manmohan Singh, tsohon firaministan Indiya, a ƙauyen Gah aka haife shi, wanda yanzu yake Pakistan. Musharraf kuwa, tsohon shugaban Pakistan, haifaffen Delhi ne. Mutumin Lahore a Pakistan da na Amritsar a Indiya yaren Punjabi ɗaya suke yi, tsakaninsu kamar kilomita 50 ne.

Malam Babba: Hajiya, ai Musharraf ɗin nan ne shugaban sojojin Pakistan lokacin yaƙin Kargil da suka yi da Indiya a 1999. Haihuwar Delhi ba ta hana shi ba.

Baban Ummi: Yauwa Malam, ka faɗo gidana! A Fabrairun 1999 Vajpayee, firaministan Indiya na lokacin, ya shiga bas har Lahore, suka sa hannu a takardar zaman lafiya da takwaransa na Pakistan Nawaz Sharif. Bayan wata uku sai ga Kargil. A Disambar 2015 firaministan Indiya Modi ya sauka Lahore ba zato, bayan kamar mako guda aka kai hari sansanin sojan saman Indiya na Pathankot. Duk sanda aka kusa shiryawa sai wani abu ya fashe. Ruwa ba ya tsami banza. Talaka ne ya tura sojoji Kargil?

Auta: Yaya, ni fa tunda na ga 'yan wasan kurket na Indiya sun ƙi miƙa wa na Pakistan hannu a Dubai a 2025 na cire rai 😅

Malam Babba: Auta ka kawo magana. Bari in tambaye ka, Baban Ummi: me ya sa ɗan siyasa ke zafafa harshe in zaɓe ya matso? Don ya san akwai masu saye. Bayan harin Mumbai na 2008 da ya ci mutum 166, da na Pulwama a 2019 da ya kashe jami'an tsaro 40, jama'ar Indiya ce ta fito tana neman ramuwa. Haka ma a Pakistan, wane shugaba ne zai ce ya haƙura da Kashmir, yankin da ƙasashen biyu ke rigima a kansa, ya kwana a kujerarsa? Ban wanke shugabanni ba, sam. Cewa nake wutar da suke hurawa akwai garwashinta tun asali.

Maman Khalifa: Dukkanku kun tsallake mutanen Kashmir ɗin, kamar yadda Delhi da Islamabad ke tsallake su. Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi batun ƙuri'ar raba gardama, har yau shiru. A Agustan 2019 Indiya ta soke sashe na 370 na tsarin mulkinta da ya ba yankin matsayi na musamman, aka katse intanet wata da watanni. Wa ya tambaye su?

Baban Ummi: Gaskiyarki Hajiya. Amma a 2019 ɗin dai, cikin Nuwamba, aka buɗe hanyar Kartarpur, mabiya addinin Sikh na Indiya suka riƙa shiga Pakistan ziyara ba biza. Yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus ta 1960 kuma ta tsallake yaƙin 1965 da na 1971. In sun so, suna iyawa.

Malam Babba: Yarjejeniyar ruwan ce Indiya ta dakatar a Afrilun 2025, bayan an kashe mutum 26 a Pahalgam, a ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya. Aka yi kwana huɗu ana musayar wuta a Mayu, kuma duka biyun sun gwada makamin ƙare dangi tun 1998. Noman Pakistan kusan duk a kan kogunan nan ya dogara. In manomin lardin Sindh na Pakistan ya ga rafinsa ya ja baya, ba sai janar ya koya masa ƙiyayya ba.

Baban Ummi: To wa ya dakatar da yarjejeniyar, Malam? Manomi ko gwamnati?

Malam Babba: Gwamnati. Sai ka faɗa mini mutum nawa suka fito titi a Delhi suka ce ba su yarda ba.