Marsandi ƙirar 1983 a Birmingham: in saya in mayar da ita rajistar motocin tarihi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya matse ni. Akwai wani dattijo Bature a layinmu nan Birmingham da ya daina tuƙi saboda ciwon ido, yana so ya sayar da Marsandinsa, 230E ƙirar 1983. Fam 4,500 ya yanka, ya ce in ban shirya ba zuwa ƙarshen wata ɗansa zai sa ta a intanet. Na duba takardar V5C, wato takardar rajistar motar, har yau bai mayar da ita rukunin motocin tarihi ba, harajinsa yake biya duk shekara. Ya kuma gaya mini an taɓa sauya mata inji, amma irin nata aka sa. Wurin aikina yana tsakiyar gari, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi fam 8 kullum, kuma motata ta yanzu tsohuwar dizal ce, biya nake. Niyyata in sayar da ita in riƙa zuwa aiki da Marsandin. To in na mayar da rajistar, an yarda in je aiki da ita kullum? Sauya injin nan zai kawo cikas? Za a ba ni baƙar lamba mai farin rubutu? Wanda ya taɓa yi ya taimaka don Allah.

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Bakano ke nan! Don gudun fam 8 zai zubar da fam 4,500. In ka saya ka gaya mana ranar walima, mu zo mu tura.

Baban Hanan: Malam, kada ka soma. Ni ina da lambar tarihi a kan tsohuwar Toyota ɗina nan Virginia ta Amurka. Dala 50 na biya sau ɗaya, shi ke nan, amma doka ta hana zuwa aiki da ita. Sai dai taron masu tsofaffin motoci, ko kai ta gyara, ko ɗan yawon shan iska da bai wuce mil 250 daga gida ba. Sai ma ka tabbatar musu kana da wata motar ta yau da kullum kafin su ba ka. In ɗan sanda ya riƙa ganinka da ita kowace safiya, ka jawo wa kanka.

Ɗan Maradi: A nan Faransa sai mota ta kai shekara 30. Sai ka samo takardar shaida daga FFVE, ƙungiyar masu tsofaffin motoci, ko daga kamfanin da ya ƙera motar, sannan su ba ka kart giriz ta tarihi, wato takardar rajistar mota. Bizit kuma, wato gwajin lafiyar mota, duk shekara 5 maimakon 2. Baƙar lamba an yarda. Wani abokina ya yi wa Fijo 504 ɗinsa, wallahi in ta wuce sai ka waiwaya.

Injiniya M.: 'Yan'uwa, mutumin nan Birmingham ya ce. Dokar Amurka da ta Faransa ba za su yi masa komai ba. Malam Ɗan Fagge, a Ingila shekara 40 ce, kuma tafiya take duk shekara: daga 1 ga Afrilun 2025 duk motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985 ta shiga. Taka ta daɗe da cancanta. Amma ba ya faruwa da kansa, sai ka ɗauki V5C ka je gidan wayar da ke karɓar harajin mota, tare da shaidar MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ko fom ɗin V112 na yafiyar gwajin, su aika wa DVLA, hukumar rajistar motoci, a sauya maka. Bayan haka haraji sifili ne, sai dai dole ka riƙa sabuntawa duk shekara ko da ba ka biyan ko kwabo. Zuwa aiki ba laifi ba ne. Abin da aka hana shi ne haya da harkar kasuwanci, wato ba tasi, ba kai saƙo. Kuɗin shiga tsakiyar Birmingham an ɗauke maka, haka ma fam 12.50 na ULEZ, wato irin wannan cajin a Landan, amma sai rajistar ta sauya tukuna. Baƙar lamba kuwa ka cire rai. Tun 2021 aka tsayar da ita a kan motocin da aka ƙera kafin 1980.

Alhaji Mai Marsandi: Duk abin da Injiniya ya faɗa a takarda haka yake. Ni ku bari in gaya muku abin da ba ya cikin takarda, don har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Irin wannan motar na saya, 280E, ruwan toka, kujerun fata. Na mayar da rajista lafiya lau. Na kira wani kamfanin inshora na tsofaffin motoci, suka ba ni farashi mai daɗi, ƙasa da fam 200 a shekara. A waya na gaya wa yarinyar cewa nakan je aiki da ita wani lokaci, ta ce ba damuwa. Wata safiya cikin hunturu, ana yayyafi, na fito zan shiga shataletale, wata babbar mota ta taka birki a gabana. Na taka nawa, motar ta zame, ku tuna babu na'urar hana tayoyi kullewa a tawa. Gaban ya naɗe, lagireto ya fashe, ruwan zafi na tsiyaya a kwalta, alamar tauraron nan ta gaba na tsince ta a gefen titi na sa a aljihu. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Da na kai kuka, tambayar farko da suka yi ita ce: ina za ka? Na ce aiki. Shi ke nan. Suka ce yarjejeniyata ta yawon shaƙatawa ce kawai, ba ta haɗa da zuwa aiki ba. Na ce ku nemo faifan wayar da muka yi, suka yi ta ja mini rai har na gaji. Mai babbar motar sun biya shi, sannan suka juyo suna neman kuɗinsu a wurina. Tawa kuwa ta yi wata da watanni a wani gareji, bakaniken yau ya ce kayan na zuwa daga Jamus, gobe ya ce an turo ba daidai ba, ga kuɗin ajiya yana hawa. Da ya ɗaga ta sama ne ma muka ga tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi da wurin sa jak, yatsa ya tura ya wuce. A ƙarshe a kuɗin ƙarfe na sayar da ita. Kuɗin da na tara don aikin hajjin uwargida a nan suka tafi.

Maman Ikram: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Hajiya ta samu zuwa daga baya?

Alhaji Mai Marsandi: Amin, 'yar'uwa. Ta je, alhamdulillah, amma an sha jira.

Ɗan Fagge: Subhanallah. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji. To batun injin fa? Kuma wa ya san kuɗin inshorar da ta haɗa da zuwa aiki?

Bakatsine: Ni fam 140 nake biya a kan Volvo ɗina ta 1982. Duk wanda ya ce maka ya fi 200 cutarka zai yi.

Abu Sudais: Haba Malam, 140 ina? Ni 610 aka ce mini a bara, a kan mota irin tasa.

Bakatsine: Ga takardata a hannu, in ɗauko hoto?

Abu Sudais: Kai kana da gareji mai ƙofa, kana da wata motar, kuma mil nawa suka ƙayyade maka a shekara? Shi a bakin titi zai ajiye, ita ce motarsa tilo. Yawancin kamfanonin ma ba za su saurare shi ba in ba shi da ta biyu. Kuma 4,500 ɗin nan ya yi arha har ya ba ni tsoro, masu kyau na ga ana kiran 9,000 zuwa sama.

Bakatsine: Wani ɗan garinmu 2,800 ya sayi tasa a Leicester, tana tashi bugu ɗaya.

Alhaji Mai Marsandi: Tawa ma bugu ɗaya take tashi. Injin Marsandin wancan zamani ba ya mutuwa, bodin ne ke ruɓewa daga ciki saboda gishirin da ake zuba wa tituna. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Injiniya M.: Kan inji: in irin nata ne aka sa, ba a ɗaukarsa babban sauyi, to ba zai hana ka yafiyar MOT ba. Amma ni shawarata ka riƙa kai ta duk da haka. Kuɗin bai wuce fam 54.85 ba, kuma doka na kanka in aka kama ka da mota mara birki, da yafiya ko babu. Ka kuma lissafa mai. Fetur ɗin E10, mai gaurayen sinadarin ethanol da yawa, da aka kawo a 2021 ba ya yi wa tsofaffin robobi da bututun mai daɗi, E5 mai ƙarancin gaurayen, mai tsada, za ka riƙa sha.

Alhaji Mai Marsandi: Injiniya, da girmanka, ka taɓa mallakar irin motar nan kuwa? Ko karantawa kake kana kawo mana?

Injiniya M.: Ranka ya daɗe, ban taɓa ba. Amma abin da ya same ka matsalar inshora ce, ba ta rajista ba. Bai kamata a tsorata bawan Allah da abin da rubutu ɗaya a yarjejeniya zai magance ba.

Baban Hanan: Ni dai ina bayan Alhaji. Gani ya kori ji.

Abu Sudais: Kai da kake Amurka, me ka gani a Birmingham?

Bazazzage: Ku bar Bakano ya saya. In ta ƙi tashi ya zuba kaya a but ya buɗe shago, ai ba ya asara.

Ɗan Fagge: Bazazzage, ka ci bashi. Injiniya na gode. Ranar Asabar zan nemi dattijon ya bari a ɗaga ta a gareji mu leƙa ƙasanta. In ta gagare ni nan ma ina tunanin in tura ta gida, mahaifinmu ya yi irinta.

Kawu Sale: Ɗana, wace gida? Sitiyarinta a dama yake. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, ga kuma ƙa'idar shekarun motar da ake shigowa da ita, wadda taka ta ninka. In tsohuwar mota kake sha'awa a gida, nemi Fijo 504 haɗin Kaduna. Tun 1975 ake haɗa Fijo a can, kayanta har yau ba su ɓata ba. Ni na bar tawa a wurin ƙanena, fara sol, na ce a riƙa tayar da ita duk Juma'a. Da na koma na tarar da ita a kan duwatsu, ba taya, ba batir, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Maman Ikram: Kawu ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Motar da na yi shekaru ina tara wa kuɗi na saya wa Umma don zuwa asibiti, ashe ɗan yayata kabu-kabu yake yi da ita tsakanin Kano da Wudil. Umma kuwa a Keke Napep ake kai ta. Da na yi magana aka ce na je Turai na koyo rowa.

Bakatsine: Ni takardun tawa ma aka sayar da ita da su, sai a bakin maƙwabci na ji.

Kawu Sale: Kuma ba dama ka kai ƙara, a ce ka tona asirin gida.

Maman Ikram: Shi ne fa, Kawu. Yanzu so nake in karɓe makullin ba tare da an ɓata da yayata ba. Wa ya san amintaccen direba a Kano, wajen Hotoro, wanda zan riƙa biya duk wata ya kai Umma asibiti ya dawo ya ajiye motar?