Fitilar makullin difaranshal na baya tana ta ƙyaftawa, ba ta tsayawa

Direban Tanut: Salamu alaikum masu gareji. Hilux ce mai makullin difaranshal na baya, wato abin da ke haɗe tayoyin baya biyu su juya tare. In aka danna maɓallin, fitilar sai ta yi ta ƙyaftawa, kuma a cikin yashi taya ɗaya ce kawai ke juyawa tana tona rami. Ana jin ƙaramar ƙara daga ƙasa sau ɗaya, shi ke nan. Ƙaramar motar makullin, wato ɗan injin lantarkin da ke tura shi, ita ce ta mutu ko me?

Makaniken Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin kwance komai. Ƙyaftawa na nufin an ba da umarni amma haƙoran makullin ba su shiga juna ba tukuna. A Hilux makullin ba ya kamawa sai kana L4, wato ƙaramar giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu, kuma gudu bai wuce kilomita 8 a awa ba. Abin da ke kullewa zobe ne mai haƙora da wani ƙarfe mai yatsu biyu, cokali, ke turawa, to in haƙori ya ci karo da haƙori sai ya tsaya yana jira. Matsa a hankali kana ɗan karkata sitiyari dama da hagu, tayoyin su sami bambancin juyi, sai ya faɗa. Amma kada ka danna shi taya tana ta wulwulawa a yashi, nan ne ake karya haƙora. Ka tsaya cak tukuna.

Gwajin da ba ya ƙarya: sa duwatsu a tayoyin gaba, ɗaga bayan duka biyu a kan jak mai ƙarfi, saki birkin hannu, inji a kashe amma makullin tada mota a buɗe, sa giya ta ɗaya kana L4, ka danna maɓallin. Juya taya ɗaya da hannu. In bai kulle ba, ɗayar za ta juya ta koma baya. In ya kulle, tayar za ta ɗan motsa ta cije. In ta cije amma fitila na ci gaba da ƙyaftawa, makullin lafiyarsa lau, suwic ɗin da ke jikin kaskon difaranshal ne ba ya kai labari, ko wayarsa ta tsinke.

Mai Lantarki Birni: Tunda ana jin ƙara sau ɗaya, wuta na isa, don haka fiyus ba shi ne ba. Ni zargina yana kan ƙaramar motar da ke tura cokalin. Tana da siririn tiyo na shan iska. In ya tsage ko ya fice, ruwan damina da ƙura su shiga, giris ya daskare, tsatsa ta kama giyoyin ciki. Cire soket, auna a ga ko volt 12 na zuwa lokacin da aka danna. Yana zuwa ta yi gunji ta tsaya? A kwance ta, a wanke, a sa sabon giris. Ka yi alama kafin cirewa, don in aka mayar da ita ba a daidai matsayin cokalin ba, matsalar nan za ta dawo. Fitilar ABS (na'urar hana tayoyi cijewa in an taka birki) kuwa in ta kama bayan ya kulle, haka aka yi motar, ba lalacewa ba ce.

Alhajin Kamiyo: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Zare man difaranshal ka duba maganaɗisun da ke kan murfin ƙasa. Baƙin gari mai laushi ba komai, gutsattsarin ƙarfe kuwa haƙora ne suka fara ci. A zuba man giya mai lamba GL-5 80W-90 har ya taɓo bakin ramin zubawa. Sannan tayoyin baya su zama girma ɗaya da iska ɗaya, in ba haka ba makullin zai kama amma ya ƙi saki. In ya ƙi saki, ɗaga ƙafa daga totur ka ja baya mita biyu ko uku. Kada a hau kwalta da shi a kulle, a kwana tayoyi za su yi ta kuka, ƙarshe sandar aksil ta tsinke.

Makaniken Zango: Gaskiya ne, Alhaji. Malam, fara da gwajin jak ɗin, ka dawo ka gaya mana ko tayar ta cije.